Daga Farce zuwa Allura: Tarihin Awon Kaushin Ƙarfe

Ƙarfen da ya fito daga injin wasawa sumul yake a ido, amma da za a faɗaɗa fuskarsa sau dubu, tudu da kwari za a gani jere da juna. Tsayinsu bai wuce 'yan maikiromita ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, duk da haka a kansu ƙarafa biyu suke haɗuwa, a nan suke cin juna, kuma daga nan tsaga takan faro. An daɗe ana ɗauka cewa gwargwadon sulɓin ƙarfe, gwargwadon ingancinsa. Tarihin awon nan ya nuna ba haka ba ne: kowace fuska da irin kaushin da aikinta yake bukata, kuma ba a fahimci hakan sosai ba sai da aka iya auna shi.

A 1840 Joseph Whitworth, injiniyan Manchesta a Ingila, ya bayyana wa taron masana a Gilasgo yadda ake samun faifan ƙarfe mai shimfiɗa ta gaskiya. Faifai uku ake gwadawa da juna bi da bi, a shafa launi don a ga inda suka taɓa, a kankare tudun da hannu, a sake gwadawa. Shimfiɗa yake nema, amma kankarar takan bar ƙananan ramuka masu riƙe mai, shi ya sa har yau ake yi wa hanyoyin zamiya na manyan injunan sassaƙa ƙarfe irin wannan aiki. Shi kuwa kaushi, a wancan zamanin, ido da farce ne alƙalansa. Hakan ya wadatar muddin maƙeri ɗaya ne yake ƙera sassa yana daidaita su da kansa. Da masana'antun mota suka fara ƙera dubbai, fistin daga wannan gari, ringi daga wancan, sai aka rasa yadda za a rubuta hukuncin farce a takarda a aika wa wani.

Mafita ta zo cikin shekara goma sha biyu. A 1929 Gustav Schmaltz a Jamus ya ja allura a kan ƙarfe ya faɗaɗa motsinta da haske. A 1933 Abbott da Firestone na Jami'ar Mishigan a Amurka suka fito da hanyar nuna yawan ƙarfen da zai ɗauki nauyi a kowane zurfi na fuskar. A 1941 kamfanin Taylor Hobson da ke Lesta ya fitar da na'urar Talysurf, wadda Richard Reason ya tsara, mai zana tudu da kwarin a takarda. Shaidar farko ma kamar ta goyi bayan masu son sulɓi. Kamfanin Chrysler ya ga boris ɗin ƙafafun sababbin motocinsa yana lalacewa saboda girgizar jirgin ƙasa tun kafin su kai ga mai saye, maganin da ya samo a 1934 kuwa shi ne ƙara goge fuskar da dutse mai laushi bayan wasawa. Haka abin yake ga sandar da take juyawa ɗauke da nauyi, domin kowane karce wuri ne da tsaga za ta iya farawa.

Amma a duba cikin silindar inji. Idan aka goge ta kamar madubi, baƙin mai ba zai sami maƙale ba, ringi ya riƙa gurzar busasshen ƙarfe har su kama juna. Idan aka bar ta da tsini, tsinin ya cinye ringi, inji ya shiga shan mai yana hayaƙi. Abin da masana'antu suka tsaya a kai shi ne a zana mata siraran layuka masu gicciye da juna, sannan a aske kawunan tudun su zama shimfiɗa, kwarin ya rage don ajiyar mai. Mai niƙa ta san wannan tun da daɗewa, tun da dutsen niƙa in ya yi sulɓi sai an koɗa shi kafin ya ci hatsi. A nan ne kuma raunin lambar da ta fi shahara, wato Ra, yake fitowa fili. Matsakaicin nisan tudu da kwari daga layin tsakiya kawai take bayarwa, don haka fuska mai tsini da fuska mai shimfiɗaɗɗen kai da zurfin kwari suna iya ba da lamba ɗaya, alhali ɗaya za ta kashe inji, ɗaya ta raya shi.

Wani zai ce to ashe awon bai tsinana komai ba, gara a koma ga hannun gwani. Akwai gaskiya a ciki, kuma masana da kansu sun koka: a 1982 David Whitehouse ya soki yadda ma'aunai suka yi ta yaɗuwa barkatai, da yawansu suna maimaita juna ba tare da sun faɗi wani abu game da aikin ƙarfen ba. Sai dai kukansa a kan awo marar manufa yake. Farcen gwani yana jin kaushi, amma ba ya gaya masa zurfin kwarin da ke riƙe mai, ba a kuma iya kafa hujja da shi idan mai saye da mai ƙira suka saɓa. Kuskuren Ra ma allurar ce ta tona shi, domin zanen da ta yi ne ya nuna fuskoki biyu masu lamba ɗaya sun sha bamban. Saboda haka aka ƙaro ma'aunai da suka raba tudu, tsakiya da kwari, aka gina su a kan tunanin Abbott da Firestone na 1933, daga baya ƙa'idar ISO 25178 ta kai awon daga layi guda zuwa fili gaba ɗaya. Makanikin da ya kai inji a faɗaɗa masa silinda, ya karɓo ta tana ƙyalli babu layukan nan, yana da dalilin mayar da ita kafin ya sa sabon ringi.