Ƙara wa kwamfutar tebur ƙwaƙwalwa: Abin da ya kamata a sani

A garuruwa irin su Rano da Kibiya da ke kudancin jihar Kano, kwamfutar tebur ce jarin masu shagunan buga takardu da cike fom ta intanet.

Buƙatarta ta ƙaru tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, abin da ya sa ɗalibai ke neman inda za su koyi sarrafa ta.

Sai dai da yawa daga cikin waɗannan na'urori na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a ofisoshin Turai da Amurka. Idan suka fara nauyi, sau da dama ƙarin ƙwaƙwalwa kawai suke buƙata, wanda kuɗinsa bai kai na sabuwar kwamfuta ba.

Mece ce RAM?

RAM ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a kai. Injiniya Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro irin wadda ake amfani da ita a yau, a 1966.

Ta bambanta da rumbun ajiya, inda takardu da hotuna ke zama dindindin. Da zarar an ɗauke wuta, duk abin da ke cikinta ya tafi, shi ya sa aikin da ba a adana ba kan salwanta.

Idan ta cika, kwamfuta kan koma aron wuri a rumbun ajiya, wanda bai kai ta sauri ba ko kusa. Daga nan ne jinkirin ke farawa.

Kafin a shiga mota

Galibi a birnin Kano ake samun wannan kaya, a wurare kamar kasuwar Farm Centre. Kuskure guda na nufin asarar kuɗin mota da na yini.

Abu na farko shi ne sanin nau'in. DDR3 ta fito a 2007, DDR4 a 2014, yayin da DDR5 ta shiga kasuwa a 2021. Kowace na da ɗan tsagi a wuri dabam, don haka wata ba ta shiga gurbin wata. Haka nan ta kwamfutar cinya ta fi gajarta, ba ta dacewa da ta tebur.

Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi da tsohuwar, ko a ɗauki hoton rubutun da ke jikinta.

Na biyu, kowane babban allon kwamfuta na da iyakar abin da yake ɗauka. Ita ma manhajar Windows mai lamba 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabayit 4.

Yadda ake sakawa

Akan kashe na'urar, a zare wayar wuta, sannan a taɓa ƙarfen akwatin kafin a ɗauki RAM. Wannan na da muhimmanci musamman da hunturu, domin busasshiyar iska na tara lantarki a jikin mutum, wanda kan iya lalata ta.

A gefe ake riƙe ta, a daidaita tsagin, a danna har maƙallan gefe su kama. Idan allo ya ƙi kawowa, galibi ba ta zauna daidai ba ne, ko kuma ƙura ta toshe gurbin.

Abin da ƙarin ba ya magancewa

A ranar 14 ga Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Windows 11 kuwa, ban da gigabayit 4 na RAM, tana buƙatar sabon injin sarrafawa da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0. Akasarin kwamfutocin zamanin DDR3 ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba, komai yawan ƙwaƙwalwar da aka ƙara musu.

Farashi ma ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen 2025, bayan da manyan masu ƙerawa, wato Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka, suka karkata ga biyan buƙatun cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira.

Saboda haka yana da kyau mai shago ya tantance shekarun na'urarsa kafin ya zuba mata kuɗi.