Sauƙi da Kasada a Manhajojin Girka Linux: Nazarin Debian, Ubuntu, Fedora da Arch

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi sauye-sauyen da aka yi wa manhajojin girkawa na rukunonin Linux huɗu tsakanin 2005 da 2023, domin tantance ko sauƙaƙa su na amfanar sabon shiga. Ta gano cewa yawan tambayoyi ba shi ne ma'aunin wahala ba. Abin da ke kayar da sabon shiga shi ne tambayar da ba shi da ilimin amsa ta, da kuma matakin da kuskure a cikinsa ba ya gyaruwa.

Gabatarwa

Akasarin masu kwamfuta ba su taɓa girka babbar manhaja da hannunsu ba, domin na'urar kan zo da Windows ko macOS a cikinta. Mai son Linux kuwa, galibi sai ya girka da kansa, kuma a nan ne da yawa ke juya baya. Masu harkar sun daɗe da rabuwa biyu. Wasu na ganin wahalar girkawa makaranta ce, wanda ya sha ta zai iya gyara na'urarsa gobe. Wasu na ganin shinge ce kawai. Batun ya ƙara nauyi tun 14 ga Oktoba 2025, ranar da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, alhali Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Irinsu ne suka cika kasuwannin gwanjo kamar Computer Village da ke Ikeja.

Hanyar nazari

An kasa tambayoyin da manhajar girkawa ke yi gida uku: waɗanda na'ura za ta iya amsa wa kanta, waɗanda mai ita kaɗai ya san amsarsu kamar harshe da kalmar sirri, da waɗanda amsarsu ke iya shafe bayanai. Da wannan ma'auni aka auna kowane sauyi.

Debian: matsalar da ba ta fuska ba

Debian ta daɗe da sunan mai wuyar girkawa. A 2005 sigar 3.1 ta zo da sabuwar manhajar girkawa, a 2007 sigar 4.0 ta ƙara mata fuska mai hoto da ake bi da linzami. Duk da haka ƙorafi bai kwanta ba, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Katin Wi-Fi na yawancin kwamfutocin cinya ba ya aiki sai an loda masa wata 'yar manhaja ta kamfanin da ya ƙera shi, wadda ba a bayyana lambobinta ba. Aƙidar Debian ta hana saka irin wannan a faifan girkawa na hukuma. Sai ga sabon shiga ya sauke ƙaramin faifan da ke jawo sauran kaya daga intanet, amma hanyar shiga intanet ɗin ita kanta tana jiran abin da babu a faifan. Akwai faifai marasa hatimin hukuma masu ɗauke da waɗannan manhajoji, sai dai wanda ya san inda suke ai ya wuce a kira shi sabon shiga.

Ba masu zanen fuska ne suka warware wannan ƙulli ba, ƙuri'a ce. A 2022 mambobin Debian suka zaɓi a saka manhajojin a faifan hukuma, kuma Debian 12 ta fito da haka a Yunin 2023. A ganin mai wannan nazari, wannan mataki ya fi duk kwalliyar da aka yi wa manhajar tun 2007 amfani, domin ya ɗauke wa mutum tambayar da tun asali ta na'ura ce.

Ubuntu, Fedora da Arch

Ubuntu ta bi wata hanya. Daga sigar 6.06 ta 2006, manhajarta Ubiquity ta riƙa barin mutum ya gwada tsarin daga faifai ko filashi kafin ya taɓa ma'ajiyar kwamfutarsa. Ya ga sauti da Wi-Fi suna aiki, sannan ya yanke shawara. Fedora 18 ta Janairun 2013 ta sake fasalin manhajar girkawarta Anaconda, ta tara zaɓuɓɓuka a shafi guda ana shiga kowanne a dawo. Ta sha suka sosai, musamman a sashen rarraba ma'ajiya, inda har ƙwararru suka riƙa kasa gane abin da za a goge. Sabuwar fuska ba ta zama sauƙi ba.

Arch kuwa ita ce matattarar masu cewa wahala makaranta ce. Ta jefar da manhajar girkawarta a 2012, ta bar mutane da rubuta umarni ɗaya bayan ɗaya. Amma a Afrilun 2021 ta saka wata manhajar girkawa mai suna archinstall a faifanta. Hujjar makarantar ma tana da rauni, don kwafe umarni daga shafin jagora ba ya nuna an fahimce shi.

Inda bai kamata a gaggauta ba

Rarraba ma'ajiya shi ne matakin da ya bambanta da sauran. Wanda ya zaɓi agogon wata ƙasa bisa kuskure zai gyara cikin minti guda. Wanda ya danna zaɓin goge ma'ajiya baki ɗaya ya yi asarar hotuna da takardunsa. Ga kuma sarƙaƙiyar da ke ƙarƙashi: tsohon tsarin MBR ba ya ɗaukar manyan ɓangarori fiye da huɗu, GPT ya zo da nasa ƙa'idoji tare da UEFI, sannan Secure Boot da ya yaɗu da Windows 8 a 2012 ya sa sai da aka samar da shim, wata 'yar manhaja mai sa hannun Microsoft, kafin rukunoni da yawa su iya tashi. Ba adalci ba ne a nemi sabon shiga ya san duk wannan. Amma ɓoye masa komai a bayan maɓalli guda ganganci ne, kamar a miƙa wa baƙo takardar sayar da gona a ce ya dangwala.

Jakob Nielsen, a ƙa'idojinsa goma na tsara manhaja mai sauƙin amfani na 1994, ya fifita hana kuskure a kan kyautata saƙon da ke bayyana bayan an yi shi. Ubuntu 20.04 ta nuna yadda ake aiki da wannan: idan ta tarar BitLocker ya kulle ma'ajiyar Windows, ko an saita ta a tsarin Intel RST, sai ta tsaya ta faɗa wa mutum abin da zai fara gyarawa. Tsayawar ta ƙara mataki, amma ta rage kasada.

Akwai giɓin da nazarin ya hango. Rage girman ɓangaren Windows domin a samar wa Linux wuri aiki ne da idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa bayanai na iya lalacewa. Ubiquity ta kasance tana duba ko an jona kwamfuta da lantarki, amma jonawa ba ta tabbatar da komai a unguwar da ake ɗauke wuta ba sanarwa, ga batirin gwanjo da ba ya riƙe caji. Manhajar da ta iya karanta lafiyar batiri tana iya ƙin fara wannan aiki har sai mai na'urar ya tabbatar ya kwashe bayanansa zuwa wani wuri.