Mel Greaves

Sir Melvyn Francis Greaves, wanda aka fi sani da Mel Greaves (an haife shi a ranar 12 ga watan Satumba, 1941), masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Birtaniya, kuma farfesa a Cibiyar Binciken Sankara ta Landan, wadda ake taƙaita sunanta da ICR. Ya fara aiki a fannin garkuwar jiki, daga baya ya koma binciken sankarar jini ta yara, inda ya shafe sama da shekara 40. An fi saninsa da nuna cewa nau'in sankarar jinin da ya fi kama yara yana farawa ne tun yaro yana cikin mahaifiyarsa, da kuma hasashensa cewa rashin cuɗanya da ƙwayoyin cuta na yau da kullum a shekarar farko ta rayuwa na iya taimaka wa cutar ta bayyana daga baya.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Greaves a birnin Norwich da ke gabashin Ingila. Ya yi digirinsa na farko a ilimin dabbobi a jami'ar UCL ta Landan, sannan ya yi digirin digirgir a ilimin garkuwar jiki a makarantar koyon likitanci ta Asibitin Middlesex, ya kammala a 1968 a ƙarƙashin Ivan Roitt. Ya yi aiki na ɗan lokaci a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin kafin ya dawo Landan. Shi ba likita ba ne, kuma karatun dabbobi da ya fara da shi ya bar tasiri a yadda yake kallon sankara, wato a matsayin tarin ƙwayoyi masu hayayyafa, masu sauyawa, masu gasa da juna.

Cutar da ya yi aiki a kanta

Sankarar jini tana tasowa ne a cikin ɓargo, inda jiki ke ƙera ƙwayoyin jini. Sunanta na likitanci ya fito daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar fari da jini, saboda yawan fararen ƙwayoyin da ake gani a jinin majinyaci. Ba a fassara sunan kai tsaye zuwa Hausa, domin "farin jini" a Hausa karɓuwa ce wurin jama'a. Nau'in da Greaves ya fi mayar da hankali a kai shi ne wanda likitoci ke kira ALL, wanda ya fi kowace sankara yawa a tsakanin yara a ƙasashe masu arziki. Ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. A ƙasashen nan, kusan yaro 1 cikin 2,000 ne ke kamuwa da shi kafin ya kai shekara 15.

Rarrabe nau'o'in cutar

A shekarun 1970 Greaves ya ziyarci ɗakin jinyar yara masu wannan cuta a Asibitin Great Ormond Street, a lokacin da nasa 'ya'yan suke ƙanana, kuma daga nan alƙiblar bincikensa ta sauya. A wancan zamani ana duba ƙwayoyin cutar ne da madubin likita kawai, kuma duk suna kama da juna, alhali wasu yaran suna warkewa, wasu kuma cutar tana dawo musu. Greaves ya yi amfani da dabarar masana garkuwar jiki: ya yi wa zomaye allurar ƙwayoyin sankarar, sannan ya ɗebi sinadaran garkuwar da jikinsu ya samar, ya gwada su a kan jinin majinyata. A 1975 ya bayar da rahoton wata alama da ke jikin ƙwayoyin mafi yawan yaran, wadda a yau ake kira CD10.

Da irin waɗannan alamomi aka gane cewa ALL ba cuta ɗaya ba ce. Wasu nau'o'in sun fito daga ƙwayoyin garkuwa na rukunin T, mafi yawa kuma daga ƙwayoyin rukunin B da ba su gama girma ba, kuma kowane nau'i da yadda yake karɓar magani. Wannan hanyar tantancewa ta shiga aikin asibiti na yau da kullum, tana taimaka wa likita ya san yaron da ke buƙatar magani mai ƙarfi da wanda za a sassauta wa. A 1984 ya koma ICR, ya kafa cibiyar binciken sankarar jini a can.

Tagwaye da katin jinin jarirai

Aikinsa mafi ƙarfin hujja ya fito ne daga tagwaye 'yan ƙwai ɗaya. A cikin ƙwayoyin sankarar jini, sau da yawa kromosom biyu kan karye su haɗe a inda bai dace ba, sai ƙwayoyin gado biyu su narke su zama ɗaya. Daidai wurin da karayar ta faru ya bambanta daga majinyaci zuwa majinyaci, kamar zanen yatsa. A 1993 ayarin Greaves ya wallafa a mujallar Nature cewa tagwaye jarirai da suka kamu da cutar tare suna ɗauke da karaya iri ɗaya sak, kuma babu ita a sauran ƙwayoyin jikinsu, don haka ba gadonta suka yi daga iyaye ba. Bayani ɗaya ne ya rage: matsalar ta faru a ƙwaya guda a jikin ɗaya daga cikinsu tun suna ciki, sai 'ya'yan ƙwayar suka tsallaka zuwa ɗan'uwansa ta jijiyoyin mabiyiyar da suke tarayya a kanta.

Domin nuna cewa abin bai tsaya kan tagwaye ba, sai ayarin ya koma ga katin Guthrie, wato takardar da ake ɗiga jinin dunduniyar jariri a kanta a kwanakin farko na haihuwa don gwajin wasu cututtuka, wadda asibitoci kan adana shekara da shekaru. A rahotannin 1997 da 1999 an gano haɗaɗɗiyar ƙwayar gadon a busasshen jinin haihuwar yaran da cutar ba ta bayyana a jikinsu ba sai bayan shekaru. Haɗin da ya fi yawa shi ne ETV6-RUNX1, tsakanin kromosom na 12 da na 21, wanda ake samu a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara masu nau'in B.

Sai dai wannan sauyi na farko bai isa ya haifar da cuta shi kaɗai ba. Idan aka cire jarirai, ɗan tagwaye na biyu yana kamuwa ne a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai. Akwai ma tagwayen da aka gano cutar a jikin ɗaya yana shekara 5, ɗayan kuma sai da ya kai 14. A 2002 ayarin ya gwada jinin cibiya na lafiyayyun jarirai, ya samu haɗin ETV6-RUNX1 a kusan 1 cikin 100, wato ninki ɗari na yawan waɗanda ke kamuwa da wannan nau'in. Wasu masu bincike a Denmark sun samu adadin da ya yi ƙasa da haka ƙwarai, an kuma daɗe ana muhawara a kan hanyar awon, amma wani binciken da ya biyo baya da wata dabara daban ya sake nuna cewa sauyin ba baƙon abu ba ne a jarirai. Ma'anar wannan ita ce kusan 99 cikin 100 na masu ɗauke da shi ba za su taɓa yin cutar ba, sai an samu sauyi na biyu bayan haihuwa.

Hasashen jinkirin kamuwa da cuta

Abin da ke jawo sauyi na biyun shi ne ɓangaren da har yanzu ba a gama yarda da shi ba. Tun 1988 Greaves ya kawo hasashen cewa garkuwar jikin jariri tana buƙatar haɗuwa da ƙwayoyin cuta marasa haɗari tun da wuri kafin ta daidaita. Yaron da bai samu wannan horo ba, idan wata cuta ta yau da kullum kamar mura ta kama shi daga baya, garkuwarsa kan mayar da martani fiye da kima, kuma hakan na iya tunzura ƙwayoyin da ke kwance da sauyin farko. A shekarar ce kuma Leo Kinlen ya kawo nasa hasashen mai kama da wannan, wanda ya danganta yawaitar cutar a wasu ƙauyuka da kwararar baƙi zuwa cikinsu.

A 2018 Greaves ya tattara hujjojinsa a wata doguwar maƙala a mujallar Nature Reviews Cancer. Daga cikinsu akwai binciken da ya nuna raguwar haɗarin cutar ga yaran da aka kai gidan reno tun suna jarirai, da waɗanda ke da yayye, da waɗanda aka shayar da nonon uwa, sai kuma gwajin da wasu masana suka yi a kan ɓeraye masu sauyin gado, waɗanda cutar ba ta bayyana a jikinsu ba sai da aka fitar da su daga keɓantaccen wuri mai tsafta. Yawancin hujjar da ta shafi mutane ta ƙididdiga ce, tana nuna alaƙa ne, ba ta tabbatar da sanadi kai tsaye ba. An kuma lura cewa yawaitar cutar tsakanin shekara 2 zuwa 5 ba ta fito fili a alkaluman ƙasashen Afirka da dama ba, abin da ya dace da hasashen, ko da yake ƙarancin kayan gwaji na iya ɓoye wani ɓangare, tunda zazzaɓi da ƙarancin jini alamomi ne da ake saurin jingina wa zazzaɓin cizon sauro.

Muhimmancin batun a aikace shi ne rigakafi. A ƙasashe masu arziki kusan yara 90 cikin 100 suna warkewa daga ALL yanzu, amma jinyar tana ɗaukar shekara biyu ko fiye da magunguna masu guba, wasu kuma suna barin illa har girma. Greaves ya nuna cewa idan hasashen ya tabbata, za a iya rage cutar ta hanyar gyara ƙwayoyin hanji masu amfani a jikin jarirai. Hasashen bai shafi sankarar jinin jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya ba, wadda ke da nata tsarin.

Littattafai da lambobin yabo

A 2000 ya wallafa littafin Cancer: The Evolutionary Legacy, wanda ya bayyana sankara ta mahangar sauyawar halittu. A 2011 ayarinsa ya nuna cewa ƙwayoyin sankara a jikin majinyaci guda suna rarrabuwa kamar rassan bishiya, kowane reshe da nasa sauye-sauyen, abin da ke taimakawa wajen fahimtar dalilin dawowar cutar bayan magani. Shi ne shugaban farko na sashen nazarin sauyawar halittu da sankara a ICR. An zaɓe shi mamba a ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a 2003, ƙungiyar ta ba shi lambarta ta Royal Medal a 2017, sannan Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sir a jerin karramawar sabuwar shekara ta 2019.