Daga Wilin Fijo Zuwa Aloyi: Tarihin Ƙafar Mota a Dutsin-Ma da Kurfi

Ranar Laraba, ranar kasuwar Dutsin-Ma, ƙafafun motocin da ke lodi a tasha sun isa su ba mutum labarin shekara hamsin. Ga Golf mai baƙin wilin ƙarfe da ya sha guduma har bakinsa ya yi tabo. Ga Sharon da aka danne da buhunan masara, ƙafar gaba iri ɗaya, ta baya wani iri. Ga Corolla ta wani ma'aikaci tana ƙyalli da aloyi. Can gefe kuma amalanken shanu ne, yana tafiya a kan ƙafafun wata Fijo da ta daɗe da barin hanya.

Jirgin ƙasa bai biyo ta wannan yanki ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya kuma ya bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda a 1929. Saboda haka gyaɗa da audugar ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi sai a bayan jaki da raƙumi, daga baya manyan motoci masu bodin katako suka karɓe su. Wilin waɗannan motoci ƙarfe ne mai nauyi, da zoben da ke riƙe bakin taya, kuma masu faci na da sun san hatsarinsa: idan zoben bai zauna daidai ba aka ba taya iska, yana iya fincikewa ya raunata wanda ke tsugune a gabansa.

Zamanin da dattawan direbobi suka fi tunawa shi ne na Fijo. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, shekara guda bayan haka Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Ma'aikaci ya sami bashin mota ya sayi 504, ɗan kasuwa ya sayi a-kori-kura, hanyar Katsina ta Kurfi ta cika da Fijo. A lokacin babu wata maganar zaɓen wili. Ƙaramar 404 noti uku gare ta, 504 noti huɗu a kan wilin ƙarfe mai inci 14, kuma na wannan 504 zai hau waccan ba tare da an auna komai ba. Taya ma ta gida ce, Michelin na yi a Fatakwal, Dunlop na yi a Ikeja. In mota ta faɗa rami bakin wili ya lanƙwashe, tib ɗin da ke ciki yana riƙe da iskarsa, direba ya lallaɓa har gari, mai faci ya ɗora wilin a ƙasa ya daddake shi ya miƙe.

Shekarar 1986 ce ta sauya lissafin. Tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin malamin makaranta da ma shugabansa. Sai kasuwa ta juya ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake saukewa a Kwatano, a ratso da su Nijar ta Maraɗi, su shigo ta Jibiya. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, ta tashi ne a bakin wannan hanya. Tare da motocin aka riƙa shigo da kayan Beljiyam: inji, giya, ƙofa, da tulin wili iri-iri da ake jibgewa a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, daga nan 'yan sifiya na Katsina da Dutsin-Ma su saro.

Nan ne zaɓi ya samu, nan ne kuma ruɗani ya fara. Mutum ya ga wili mai rami huɗu ya ɗauka duk mai rami huɗu ɗaya ne, alhali ba haka ba ne. Ramukan Golf 3 suna kan da'ira mai faɗin milimita 100, na Fijo 406 a kan 108, na tsohuwar 504 a kan 140. A masu rami biyar, Sharon na da 112, Camry na da 114.3, tazarar da ido ba ya gani amma noti yana ji. Akwai kuma ramin tsakiya, wanda shi ke zaunar da wili daidai a kan hob: na Golf milimita 57.1 ne, na Corolla 54.1, na 406 kuma 65.1. Wanda ya sayi wilin da ramin tsakiyarsa ya yi ƙanƙanta sai ya kai wa mai injin gurza a buɗa masa. Wanda nasa ya yi yawa, sitiyari zai riƙa karkarwa a hannunsa da zarar ya miƙe hanya, ya yi ta biyan kuɗin balansin a banza.

Abin takaici shi ne duk bayanin nan a rubuce yake a jikin wilin, kyauta. A juya bayansa a goge ƙura da tsumma, za a ga wani abu kamar 6Jx15 ET45: faɗinsa inci 6, girmansa inci 15, lambar ƙarshe kuma tana nuna yadda zai shige ciki ko ya turo waje. Idan ta yi nisa da ta wilin asali, taya za ta riƙa gugar bodi in an yi lodi, boris kuma ya riƙa mutuwa da wuri.

Aloyi ya zo ne a ƙafar motocin Kwatano na manya, amma bai zama ruwan dare a Dutsin-Ma ba sai da garin ya cika da masu albashi da matasa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta riga ta kafu, sannan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya. Ba wanda zai musa kyawun aloyi. Sau da yawa ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi, yana barin iska ta sanyaya birki, kuma yana ɗaga darajar mota ranar sayarwa. Matsalarsa ita ce halinsa in ya gamu da rami. Ƙarfe lanƙwashewa yake yi, alminiyam tsagewa. Mai walda zai iya like tsagar, a goge, a fesa fenti, wilin ya koma kan tebur kamar sabo, amma zafin walda yana raunana wurin. Masu sayarwa na gaskiya suna faɗa wa mai saye. Wanda ya ga sabon fenti a cikin wilin Beljiyam ya kamata ya shafa da yatsa ya ji ko akwai tudu.

Sannan akwai sababbin aloyi masu araha da ake kwaikwayon zanen manyan kamfanoni da su. Matashi ya cire inci 15 ya sa 17, dole tayar ta zama mai siririn gefe, wato an rage robar da ke shanye duka tsakanin wili da dutse. A kwaltar cikin gari ba laifi. A hanyar ƙauye ta Wurma ko Tsauri da damina, ko gefen kwaltar da ruwa ya zaizaye, wannan kwalliya kan ƙare a wurin mai walda. Ga shi kuma tayar inci 17 ta fi tsada duk lokacin da za a sauya.

Ita kanta tayar ta shiga wani hali. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya daina yi a 2008, ƙasar ta koma dogaro da ta waje, har da tsofaffin tayoyin da doka ta hana shigowa da su amma suke cike da kasuwa. Daga farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya har Disambar 2020, sai kuma cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023. Kowane ɗaya ya ƙara wa kayan mota kuɗi. Mai ƙaramin ƙarfi a yau ba zai iya sayen aloyi huɗu da tayoyi huɗu masu kyau a lokaci guda ba, dole ɗaya ya jira.

Direbobin haya na hanyar Katsina sun daɗe da yanke nasu hukunci, kuma tarihin yankin ya gaskata su. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi. A watannin da layukan suke katse, wanda ƙafar motarsa ta fashe tsakanin Birchi da Kurfi da yamma ba shi da hanyar kiran kowa. Wilin da za a iya bugawa da guduma a bakin hanya, da safaya mai iska a but, sun fi duk wani ado amfani a irin wannan sa'a.

Ko bayan ya gama aiki a mota, wilin ƙarfe ba ya zama shara a nan. Maƙera suna mayar da shi murhun gawayi, makarantun firamare suna rataye shi a bishiya ya zama ƙararrawa, masu amalanke suna nemansa. Fasasshen aloyi kuwa 'yan gwangwan ne ke auna shi a sikeli, ya ƙare a hannun masu zubin tukwane.

Ga mai Golf ko Corolla da kuɗinsa ba su da yawa, shawarar a fili take. Ya riƙe girman da motar ta zo da shi, ya nemi wilin asali na irin motarsa ko da Beljiyam ne, a ɗora shi a injin balansin ya ga yadda yake juyawa kafin ya biya. Ragowar kuɗin ya sa a taya, ya kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan DOT a gefenta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Aloyi ya jira sai aljihu ya yi nauyi.