Alhaji Mahamane Ousmane da Kujerar Majalisar Dokokin Nijar

An haifi Alhaji Mahamane Ousmane, wanda magoya bayansa ke kira Nafarko, a birnin Damagaram ran 20 ga Janairu 1950. Jam'iyyarsa ta CDS-Rahama ta kafu ne a yankin Damagaram, har zuwa ƙasar Damargu, wato Tanut da Gangara da Tarka, tun Belbeji tana ƙarƙashin Tanut, domin sai a 2011 ta samu nata iko. Da wannan ƙarfi, da kuma ƙawancen jam'iyyu na AFC, ya kayar da Tandja Mamadou a zagaye na biyu na zaɓen 1993, ya zama shugaban ƙasa.

Mulkin nasa bai yi tsawon rai ba, kuma Majalisa ce sanadi. A Satumba 1994 firaminista Mahamadou Issoufou ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta PNDS ta fice daga ƙawancen, sai shugaban ƙasa ya wayi gari ba shi da rinjaye. Ya rusa Majalisa a Oktoba bisa ikon da tsarin mulki ya ba shi, yana sa ran talakawa za su mayar masa da abin da ya rasa. Ba su mayar ba. Zaɓen Janairu 1995 ya kawo Hama Amadou a matsayin firaminista, Issoufou kuma ya hau kujerar shugaban Majalisa. Shekara guda cur fadar shugaban ƙasa da gwamnati suna ja-in-ja, har Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya yi juyin mulki ran 27 ga Janairu 1996.

Bayan zaɓen 1999, inda ya zo na uku ya kuma mara wa Tandja baya, 'yan majalisa suka zaɓe shi shugabansu ran 29 ga Disamba. Aka sake zaɓensa a 2004, sannan a 2006 ya zama shugaban Majalisar Dokokin ƙungiyar CEDEAO. Ba kasafai wanda ya taɓa zama a fada kan yarda ya koma zauren muhawara yana ba wasu izinin magana ba, amma shi ya yi kusan shekara goma a kai, kuma za a iya cewa a nan ne ya fi yi wa ƙasa amfani.

Jarrabawa ta zo a 2009, lokacin da Tandja ya nemi tazarce ta shekara uku ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Ga amanar ƙawance ta shekara goma, ga kuma tsarin mulkin da ya ƙayyade wa'adi biyu. Ousmane ya ƙi goyon bayan tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce shirin ya saɓa wa doka, kashegari kuwa, ran 26 ga Mayu, Tandja ya rusa Majalisa da irin makamin da shi Ousmane ya zare a 1994. Cikin Yuni CDS ta janye ministocinta daga gwamnati. An yi ƙuri'ar ran 4 ga Agusta, amma ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kawar da Tandja.

Ya ci gaba da neman shugabancin ƙasa, har ya kai zagaye na biyu a Fabrairu 2021 a inuwar RDR-Tchanji, inda aka bayyana Mohamed Bazoum a matsayin wanda ya yi nasara.