Tarihin Ƙananan Jiragen Yaƙi na Kwaikwayo da A Ke Sarrafawa da Rediyo

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata sana'a ta sha'awa wadda ba a ci da ita, sai ma dai ta ci kuɗin mai yinta. Mutum zai shekara biyu ko uku a ɗaki yana sassaƙa katako, yana manna takarda, har ya ƙera ɗan ƙaramin jirgin sama mai kama da wani jirgin yaƙi na dā, kama ta sak, har lambar da ke jikinsa da tabon hayaƙin injinsa. Sa'an nan ya kai shi fili ya tashe shi, shi kuwa yana tsaye a ƙasa riƙe da akwatin rediyo yana juya shi. Mai karatu ya iya cewa wannan ai wasan yara ne, me ya kawo shi zauren malamai? Abin da ya kawo shi shi ne, masu wannan aiki sun auka cikin irin wahalar da mu ke sha wajen binciken tarihi, watau yadda za a tabbatar da siffar abin da ya shuɗe, shaidun kuwa sun saɓa wa juna.

Da fari ya kamata a san cewa ƙaramin jirgi ya girmi babba. A 1804 Sir George Cayley na Ingila ya yi wani ɗan jirgi marar inji wanda ya yi shawagi. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya nuna wa mutane a birnin Faris wani ɗan jirgi wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, ya tashi daƙiƙa 11. A 1878 wani limamin Kirista a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa abin wasa mai tashi, wanda aka yi bisa dabarar Pénaud. Yaran nan su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgi mai inji a 1903. Saboda haka sa'ad da masu sha'awa suka koma suna kwaikwayon manyan jirage, uba ne ya koma yana kwaikwayon ɗansa.

Sarrafa abu daga nesa kuwa wata hanya ya biyo dabam, hanyar soja. Nikola Tesla ya nuna ɗan kwalekwale da a ke juyawa da rediyo a birnin New York a 1898. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Archibald Low ya gwada jirgi marar matuƙi a Ingila, bai daɗe a sama ba ya faɗi. Daga 1935 Ingilishi suka yi ɗaruruwan jiragen da suka kira Queen Bee, domin masu igwa su koyi harbi a kansu. A Amurka kuma wani Baturen Ingila mai wasan siliman, Reginald Denny, ya buɗe kantin sayar da ƙananan jirage a Hollywood a 1934, daga baya kamfaninsa, Radioplane, ya yi wa sojan Amurka jirage marasa matuƙi kusan 15,000 a Yaƙin Duniya na Biyu. A masana'antar nan ne mai ɗaukan hoto na soja ya tarad da wata ma'aikaciya wadda duniya ta sani daga baya da sunan Marilyn Monroe, amma wannan wani zance ne.

Ta wajen masu sha'awa, waɗanda a kan fi ambata su ne tagwayen nan Walter da William Good na jihar Michigan. Ɗaya ya san jirgi, ɗaya ya san rediyo, suka haɗa kai suka yi jirginsu mai suna Big Guff a 1937, faɗin fikafikansa ƙafa 8. Suka yi ta cin gasa da shi, yanzu yana gidan ajiye kayan tarihi na Smithsonian. Amma ba ya kama da wani jirgin yaƙi, ba kuwa zai yiwu ya yi kama ba. Kayan rediyon zamanin suna da nauyi, batir kaɗai kaya ne, kuma abu ɗaya tak a kan iya juyawa, watau jelar da ke karkatar da jirgi dama ko hagu. Galibi matuƙi ya kan danna maɓalli sau ɗaya don dama, sau biyu don hagu, wata 'yar na'ura da roba ke juyawa ta cika umurnin. Jirgin da za a tuƙa haka dole ya zama mai haƙuri, wanda in an sake shi zai daidaita kansa. Jirgin yaƙi kuwa da gangan aka hana masa wannan hali, don a sami saurin juyi.

Yaƙi na Biyu ya tsai da wasan, ya kuma shuka irinsa. Katakon da a ke amfani da shi, balsa, wanda a ke kawowa daga ƙasar Ekwado, bai fi ɓargon kara nauyi da yawa ba, aka karkatar da shi wajen ƙera jirgin yaƙin nan Mosquito. A 1942 rundunar ruwa ta Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000, kowane ɗaya bisa 72 na girman ainihinsa, a shafe su baƙi, don a koya wa soja bambanta jirgin abokin gaba da na gida tun daga nesa. Awon nan na ɗaya bisa 72 daga Ingila ya fito, inda aka fara sayar da irin waɗannan a 1932 da sunan Skybirds. Malaman kwalejin horon malamai za su lura da abin da ya faru a nan: an sa yara aikin hannu wanda in an kuskure awo ba za a karɓa ba. Yaran da suka koyi wannan tsanani su ne manyan da suka riƙe sana'ar bayan yaƙi.

Sai a shekarun 1960 kayan aiki suka cim ma buri. Taransista ta rage nauyin rediyo, aka kuma sami dabarar da in matuƙi ya tura sanda kaɗan jirgi ya karkata kaɗan, in ya tura da yawa ya karkata da yawa, kuma a juya jela da fikafikai da maƙogwaron inji gaba ɗaya. Daga nan aka iya tashin Spitfire da Mustang da Messerschmitt. A 1969 aka fito da siliman Battle of Britain, inda jiragen Stuka da ke kai hari duk ƙanana ne masu rediyo, gama cikin kimanin 6,000 da Jamus ta ƙera babu ko ɗaya da ke iya tashi. Biyu ne suka rage cikakku, ɗaya a London ɗaya a Chicago. A 1970 ƙungiyar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, ta yi gasar duniya ta farko ta jiragen kwaikwayo a Cranfield ta Ingila.

To, a nan ya kamata mu ɗan daɗe, gama a nan wuyar ta ke. Mu ɗauki Spitfire, wanda R. J. Mitchell ya tsara, ya fara tashi ran 5 ga Maris 1936, aka ƙera fiye da 20,000. Faɗin fikafikansa ƙafa 36 da inci 10. In an rage shi zuwa ɗaya bisa 6, faɗin zai zama ƙafa 6 da 'yan inci. Amma shimfiɗar fiffiken ba sau 6 ta ragu ba, sau 36 ne, cikin jirgin kuwa sau 216. Spitfire na farko da kayansa ya kai wajen laba 6,000, saboda haka a lissafi ƙaramin zai zama laba 28. Maƙeri ba ya yarda ya kai haka, ya kan yi ƙasa da shi nesa, don iska ba ta ragu tare da jirgin ba. Osborne Reynolds ya nuna tun 1883 cewa yadda ruwa ke gudana ya dogara ga girman abin da ya ke bi da kuma saurinsa, iska ma haka ta ke. Ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali, iska ta fi saurin rabuwa da bayansa, in ta rabu kuwa ɗaukan ya ƙare. Fiffiken Spitfire ya tsuke a baki, can ne rabuwar ta kan fara, sai jirgi ya kife gefe ɗaya yana dab da sauka, aikin shekara biyu ya zama itacen hura wuta. Maganin da a kan yi shi ne a ƙara murɗa bakin fiffiken ƙasa kaɗan, ko a ƙara masa kauri, ko a faɗaɗa jela. Kowane ɗaya cikin waɗannan ƙarya ce a wajen kama, alƙali mai ido kuwa zai rage maki.

Jiragen Yaƙi na Ɗaya suna da tasu matsalar. Sopwith Camel na 1917 gajeren hanci gare shi, don injinsa mai nauyi ne, ga bindigogi da matuƙi duk a cunkushe a gaba. Injin ƙaramin jirgi bai kai wannan nauyi ba bisa awo, sai baya ya rinjayi gaba, dole a cusa dalma a hanci, mutumin da ya kwana yana rage nauyi ya wayi gari yana ƙarawa.

A gasa kashi biyu a ke yi. Akwai na sama, inda a ke duba ko jirgin ya tashi yadda na ainihi ya ke tashi, ba ya wuce saurin da ya dace da shi. Akwai kuma na ƙasa, inda a ke ajiye shi gaban alƙalai tare da takardun shaida: zanen jirgin ta gaba da ta gefe da ta sama, da hotunan ainihin jirgin da aka kwaikwaya, da hujjar launinsa. Wannan kashi na biyu, a ganina, aikin masanin tarihi ne tsantsa. Ga misali. Jirgin Jamus mai fiffike hawa uku, Fokker Dr.I, wanda Manfred von Richthofen ya mutu a ciki ran 21 ga Afrilu 1918, guda 320 aka ƙera, babu ko ɗaya da ya rage. Duk wanda a ke gani yau sabon ƙira ne. Hotunan zamanin baƙi da fari ne, kuma fim ɗin da a ke ɗauka da shi ya kan mai da ja da rawaya su yi duhu, shuɗi kuwa ya yi haske. Saboda haka har yanzu ana gardama a kan murfin injin jirgin Werner Voss, wanda aka harbo ran 23 ga Satumba 1917, ko rawaya ne ko kore mai duhu. Masu cewa rawaya suna kafa hujja da launin rundunarsa, masu cewa kore suna kafa hujja da fentin masana'anta. Haka kuma fentin jiragen Ingila na lokacin, wanda a ke kira PC10, waɗansu sun ce ya fi kusa da ƙasa-ƙasa, waɗansu sun ce kore, ƙyallayen da suka rage kuwa sun shekara ɗari suna sake launi. Wanda ya taɓa gwada kofe biyu na tsohon littafin ajami, ya tarar sun saɓa a kalma ɗaya, ya san wannan ciwon kai. Bambancin kawai shi ne, malami ya iya rubuta ra'ayi biyu ya bar mai karatu ya zaɓa, maƙeri kuwa dole ya tsoma burushi a gwangwani ɗaya.

Akwai kuma inda gaskiyar kama ta yi karo da wani abu da ya fi ta nauyi. Jiragen Jamus na zamanin Hitler suna ɗauke da tambarin Nazi a jela. Dokar Jamus ta hana nuna wannan tambari a fili, sai don koyarwa da bincike da makamantansu, saboda haka kamfanoni da yawa ba sa sa shi cikin kayan da su ke sayarwa. Waɗansu maƙera sun ce cire shi ɓata tarihi ne. Ni dai ban ga ƙarfin wannan magana ba, gama ƙaramin jirgin ya riga ya bar abubuwa da yawa waɗanda suka fi tambari girma. Ya kawo siffar Stuka, bai kawo mutanen da ke gudu a hanyoyin Poland a 1939 da Faransa a 1940 ba.

Kayan aiki sun ci gaba da sakewa. Dā in mutum biyu suka kunna rediyo a zango ɗaya, jirgin da ke sama ya kan rikice ya faɗo, har kulob-kulob suka ƙago allo mai alamu, ba ka kunnawa sai alamar zangonka tana hannunka. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka sami rediyon da ke neman zangonsa da kansa, allon ya zama tarihi. Injin lantarki da batir marar nauyi suka zo, masana'antu suka shiga fitar da jirage shiryayyu na soso, har a ke tambaya ko wanda ya saya ya cancanci a kira shi maƙeri. Ajin F4C na gasar duniya dai ya tsaya a kan cewa mai gasa shi zai ƙera nasa. Yawaitar jirage marasa matuƙi kuma ta jawo wa sana'ar doka: Amurka ta sa rajista a 2015, Ingila a 2019, ga jirgin da ya kai giram 250.

Waɗansu daga cikin jiragen da a ke kwaikwayo sun taɓa ratsa samaniyarmu. Daga 1940 Ingilishi suka riƙa sauke Hurricane da Blenheim cikin akwatuna a Takoradi, a harhaɗa su, su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fashar da Hartum zuwa Masar, dubbai suka bi wannan hanya. Runduna ta 91 ta mayaƙan sama na Ingila, mai tuƙa Spitfire, sunan Nijeriya aka laƙaba mata. Tun kafin wannan kuma, ran 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku ƙirar DH.9A suka sauka Kano daga Masar bisa jagorancin Arthur Coningham, su ne na farko da suka sauka a ƙasar. Jirgi ne mai fiffike hawa biyu, faɗinsa kusan ƙafa 46, doguwar jela, tafiya a hankali, watau yana cikin waɗanda ba su da wuyar tashi in an rage su. A ɗaya bisa 6 zai kai ƙafa 7 da inci 8. Guda ɗaya ne ya rage na ainihi, a gidan tarihin mayaƙan sama da ke London, shi ma Jamusawa ne suka kama shi a 1918, ya zauna Berlin, sa'an nan Poland, kafin ya koma gida. Daga jikinsa maƙeri zai ɗauki awo, amma lambobi da fentin na Kano sai a hotunan 1925, su ma baƙi da fari ne.