Wa Ke Auna Naƙasa? Daga Rajistar Haraji Zuwa Kotun Ma'aikata

Da zarar kaka ta kama a Dandume, ƙarar injin casar masara ce ke cika gari da ƙauyuka. Inji ne mai sauƙaƙa aiki, amma idan hannun lebura ya kuskure ya shiga bakinsa, ba ya fitowa yadda ya shiga. Daga nan sai tambaya ta taso: wa zai faɗi girman asarar, kuma in ya tauye ta, ina za a kai kuka? Wannan tambaya ta girmi injin nesa ba kusa ba.

A tsarin sarautun ƙasar Hausa, naƙasassu suna da shugabanninsu: Sarkin Makafi, Sarkin Kutare, Sarkin Guragu. Su ne bakin jama'arsu a fada, tallafi kuwa daga zakka da sadaka yake fitowa. Ba a neman takardar likita, domin unguwa ta san halin kowa.

Bayan Turawa sun karɓi Katsina a 1903, sai ƙidayar haraji ta mai da naƙasa abin rubutawa a rajista. Ana ƙirga magidanta da samari masu ƙarfi, a ɗauke wa wanda ba ya iya aiki. Wannan yafiyar sassauci ne da hukuma ta yi wa naƙasasshe, amma mai unguwa da dagaci ne ke tantance wanda ya cancanta, alhali su ake matsa wa su kawo kuɗi cif-cif. Duk sunan da aka cire giɓi ne a lissafinsu. Wanda aka hana kuwa sai dai ya je gaban hakimi, ko ya jira Di'o ya zo rangadi, ya yi ƙorafi ta bakin tafinta, dagacin da yake ƙara yana zaune a gefe. Harajin ya daɗe, sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke shi a Jihar Kaduna, wadda Dandume ke cikinta har zuwa ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987.

Auduga ce ta kawo sabon babi. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, gidajen gurzar auduga suka kafu a Funtua da Malumfashi, 'ya'yan manoma suka zama ma'aikatan inji. A 1941 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar diyyar ma'aikata bisa tsarin Ingila, aka sabunta ta a 1987. Dokar 1987 ta yanka albashin wata 54 ga wanda ya naƙasa gaba ɗaya, tare da jadawalin da ya ba kowace gaɓa kasonta: hannu kaza cikin ɗari, ido kaza, yatsa kaza. Sai dai mai kamfani ne ke da alhakin biya, kuma yana da ikon tura ma'aikaci wajen likitan da ya zaɓa. Tsohuwar matsalar rajistar haraji ce ta dawo da sabuwar riga: an ba kura ajiyar nama. Kotu tana nan, amma leburan da ya rasa hannu da albashi a rana ɗaya, da me zai ɗauki lauya?

Dokar 2010 ta nemi raba mai biya da mai aunawa. Yanzu masu ɗaukar ma'aikata suna zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi a wani asusu da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma naƙasa ta gaba ɗaya tana jawo kashi 90 cikin ɗari na albashi duk wata. Mafi muhimmanci, an rubuta hanyar ɗaukaka ƙara ɓaro-ɓaro. Ma'aikaci zai sanar da wanda yake yi wa aiki cikin kwana 14, ya shigar da buƙatarsa cikin shekara guda. Idan aka ƙi, ko aka rage kason rauninsa, yana da kwana 180 ya nemi hukumar ta sake duba hukuncinta, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Abin da ke riƙe irin wannan ƙara shi ne takarda: katin asibiti na ranar farko, hoton ƙashi, rahoton wani likitan daban, da sunayen shaidu.

A nan ne tarihin ya sake komowa Dandume. Leburan injin casa jinga yake yi, kuɗinsa a hannu, babu takardar ɗauka, babu wanda ya zuba masa sisi a asusu. Makomarsa tana hannun sulhun dattawa da tausayin mai inji. Ma'aikacin masaƙa ya samu ƙofar da kakansa bai samu ba a gaban dagaci. Shi kuwa ɗan'uwansa na gona, har yau wanda zai biya shi ne ke faɗin abin da hannunsa ya kai.